Akwatin Nduka

Ranar da Ɗanbaba ya shigo da akwatin a ka, Inna Saude tana tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. Hantsi ne, ranar Laraba, kuma ba a yi hutu ba. Akwatin ƙarfe ne shuɗi, kwaɗo biyu a bakinsa, an rubuta suna a murfin da farin fenti.

"Kai kuma lafiya? Ina naka?"

"Nawa yana kwaleji, Inna. Wannan na Nduka ne."

Ai ta san Nduka. Dogon yaron nan ɗan Gabas, abokin ɗakin ɗanta a kwalejin horar da malamai. Shi ne mai biyo shi Sabo, unguwarsu ta Hausawa a Ibadan, ran Lahadi, ya tashi da malmala uku, yaji na sa shi hawaye, yana miƙo kwano yana cewa, "Mama, ƙara." A shekarar ce ƙasa ta hargitse, mutanen Gabas suka yi ta komawa gida. Motar da Nduka ya samu mutum kawai take ɗauka, ban da kaya. Sai ya ce wa Ɗanbaba, riƙe mini sai na dawo.

"Ba su yi kwana biyu da tafiya ba aka soma fasa akwatunansu," in ji Ɗanbaba. "Wai kayan da ba mai shi. Na ƙara kwaɗo, na ɗaure shi da sarƙa a ƙafar gado. Jiya na dawo daga aji na tarar an ci rabin sarƙar da zarto."

"Ka kyauta. Tura shi ƙarƙashin gadona."

To me za ta ce? Marigayi Malam Mijinyawa, uban yaron, mai masaukin fataken goro ne. Akwai Bazazzagin da ya bar masa ƙunshin kaya shekara bakwai, ya dawo ya same shi da ƙullin da ya yi masa. A Sabo baki ne shaida. Wanda ya ba ka ajiya ka ce ya rubuta maka, ai ka zage shi.

* * *

Bayan mako uku aka ce ta zo kwaleji. Ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna a bakin kujera a ofishin shugaban kwaleji. Shugaban na magana da Turanci, Ɗanbaba na tsaye yana juya mata da Hausa.

"Ya ce akwati goma sha takwas aka fasa, ba a ga kowa ba. Ya ce guda ɗaya tak aka ga ya fita ta ƙofa, da rana, a kaina."

"To ɓarawo yana sata da rana a ka?"

Bai juya wannan ba.

"Ya ce ina takardar da Nduka ya ba ni."

"Wace takarda kuma?"

Shugaban ya buɗe tafin hannu yana jira. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce a fuskarsa. Ya ce abu mai sauƙi ne: a dawo da akwatin ɗakin ajiyar kwaleji, yaron ya sa hannu cewa ya ɗauka ba izini, a yafe. In ba haka ba, kora. Saura masa wata bakwai ya gama.

Ɗanbaba ya juya mata duka, muryarsa ba hawa ba sauka. Sannan ya ƙara nasa a hankali: "Inna, kin ga mutumin can a bakin ƙofa? Shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar. Rigar da ke jikinsa ta wani ɗan ajinmu ce, ɗan Gabas."

Ta dubi rigar. Hannunta ya yi wa mutumin tsawo, ya naɗe shi sau biyu.

Ta jira ta ji zuciyarta ta buga, ba ta ji komai ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

"Ka ce masa amana hannun mai ita take komawa."

Ɗanbaba ya dube ta. Ita ma ta dube shi. Ya juya ya faɗa.

Da suka fito, ɗalibai sun yi layi a baranda. Wani ya yi ihu da Yarabanci, "Ole!" wato ɓarawo. Saura suka amsa. Ba ta ɗaga kai ba, ƙafafunsu kawai take gani. Takalma masu kyau, wasu sun yi wa masu su yawa.

* * *

Aka yi yaƙi, aka gama. Ɗanbaba, da aka kore shi daga kwaleji, ya koma ɗaure huhun goro a tasha. Mutanen Gabas suka soma dawowa Ibadan ɗai-ɗai. Duk wanda Ɗanbaba ya gani sai ya tare shi da sunan Nduka. Wani ya ce soja ya shiga. Wani ya ce bai taɓa jin sunan ba.

A unguwa kuwa magana ta gajarce, kamar yadda takan yi. Matan da suka ci tuwonta shekara ashirin sukan ce, "Saude? Wadda aka koro ɗanta kan akwati?"

Duk Juma'a takan jawo akwatin, ta goge ƙura, ta ɗiga man gyaɗa a kwaɗon biyu don kada su yi tsatsa. Ba ta san abin da ke ciki ba. In an girgiza, wani abu yakan gangara daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wata Juma'a ta ce, "Ɗanbaba, sunan nan yana gogewa. In ya aiko wani, da me za a gane?"

Ya je Mokola ya sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti. Ya durƙusa ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, da kyakkyawan rubutun nan da aka koya masa don allon aji.

Suka zauna suna kallo har ya bushe. Sannan ta kama hannu ɗaya, ya kama ɗaya, suka mayar da shi ƙarƙashin gado.