Waƙar Dorkas a Bakin Garba

Duk wanda ya yi samartaka a Madarunfa zamanin samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, in ka ambaci makaɗan nan Taurarin Tafki sai ka ga ya yi murmushi shi kaɗai, ko da yanzu ya tara gemu yana jan carbi. Su huɗu ne. Ishaya mai gita shi ne shef, wato shugabansu, a majami'ar ƴan mishan ya koyi kiɗa. Samson na riƙe da gitar bas, Illo na kan ganguna. Garba ɗan Gabi kuwa murya Allah ya zuba masa, irin wadda in ya ɗaga ta a filin bal, dandalin rawar dare, mata masu daka a unguwar masunta kan tsaya da taɓarya a hannu.

Har gobe ba a rasa gardama a teburin mai shayi kan wacce ta fi a waƙoƙinsu. Direbobi na bayan "Hanyar Safo" saboda gudun gangar Illo. Tsofaffin ƴan lakwal, wato ƴan boko, sun fi son wadda aka yi da Faransanci rabi da rabi. Amma da wani ya ce, "Ruwan Randa fa?" sai gardama ta mutu.

Ishaya ya tsara ta lokacin da yake neman Dorkas. Shi ba shi da murya, in ya buɗe baki kamar ana jan kwano a kan siminti, don haka ya zuba kalmominsa a bakin Garba. A festibal na matasa aka fara rera ta, Dorkas na tsaye cikin ƴan mata, ta ji sunanta ya tashi sama da kan jama'a: "Dorkas ruwan randa, ko rana ta take sanyinki na nan." Ta rufe fuska da gyale ta gudu gida. Kafin kaka an ɗaura musu aure.

Da samariya ta mutu, bal ya bi ta, kowa ya kama gabansa. Samson ya ƙetara Jos yana wa mawaƙan bishara kiɗa. Illo ya koma filin kokowa. Ishaya ya fitar da kasat nasa shi kaɗai, gita zalla, mutane suka ce tuwo ba miya, har ƙura ta cinye shi a kanti. Ya koma lambunsa a bakin tafki, ran Lahadi ya buga wa majami'a. Garba ne ya haye. Ya zauna Ɗan Issa yana yabon ƴan canji da manyan ƴan kasuwa, kasat ɗinsa har Katsina ake nema. Ya kuma ɗauki Ruwan Randa, ba shawara ba sallama, ya cire Dorkas ya sa Alhaji Mansur ɗan canji, ta zama takensa. Take kuwa ba a raba shi. Kiɗan da aka ba mutum ya zama nasa, duk inda ya tashi dole ya amsa, mawaƙinsa kuma ba ya kiran wani suna a kansa yana wurin. Tun ranar Ishaya bai ƙara yi wa Garba magana ba.

A shekarar da aka karya darajar sefa, Dorkas ta faɗi a lambu tana tsinkar tumatir. Asibitin Maraɗi suka yi iya yinsu suka sallamo ta, ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Matar da ba ta iya wanke kwano ba tare da waƙa ba, ga ta kwance tana kallon rufin ɗaki. Abu ɗaya ke dawo da ita duniya: tsohon kasat na Taurarin Tafki. Da Garba ya kai kan sunanta sai gefen bakinta mai rai ya ɗaga, idonta ya nemo Ishaya duk inda yake a ɗakin. Don wannan kallon kaɗai yake tashi da safe.

Sai rediyo ya tauna kasat ɗin. Miriyamu, ƴarsu, ta liƙa zaren da jan farce, ya sake tsinkewa. Ishaya ya nemi wani har Maraɗi, ko'ina na Alhaji Mansur ake miƙo masa. Ya ɗauki gita ya buga mata, ta saurara, leɓenta na motsi tana jiran murya. Ya gwada rerawa da kansa. Ta lumshe ido don kada ya ji kunya, kallon nan dai bai zo ba. Tuwon ma ta fara kau da kai daga gare shi.

Ya haɗiye zuciya ya hau motar Ɗan Issa.

Ya tarar da Garba a rumfa, kan tabarmar roba, yara na yi masa fifita. Ya yi ƙiba, haƙorin Makka na walƙiya.

"Garba, sannu da hutawa."

"Alhaji Garba," in ji wani yaro daga gefe.

"Ƙyale shi, shef ɗina ne," Garba ya ce yana dariya. "Shef, har yanzu takalmin festibal ne a ƙafarka? Ina kasat ɗinka? An ce duwan, ƴan kwastan, sun kama kwali guda, da suka saurara suka mayar wa mai shi da ban haƙuri."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ishaya ya jira ta lafa, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa Garba ba, ya faɗi abin da ya kawo shi. Sau ɗaya kawai, yadda take tun asali, da sunan mai ita.

Garba ya daina dariya. Ya kori yaran, ya rage murya.

"Ka san waƙar nan ba tawa ba ce yanzu."

"Da ma ba taka ba ce."

"To, ba taka ba ce kai ma. Kujerar Makka ta ci." Ya sosa gemu. "Madam ɗin ce kwance? Ita da ke dafa mana wake in mun dawo bal?"

"Ita."

"Ran kasuwa muna Madarunfa, Alhaji zai buɗe sabon sito. Bayan la'asar zan sulale in zo ni kaɗai. Amma a asirce, Shef. In ya ji, tuwona ka zubar."

Ishaya ya koma gida kamar wanda aka yi wa bushara. Ya sunkuya a kunnen Dorkas ya ce, "Maman Miriyamu, Garba zai zo ya yi miki waƙarki." A ranar ta sha kunu kofi guda.

Ran kasuwa Miriyamu ta yi mata kitso, ta sa mata lalle a hannun da ke motsi, ta ɗaura mata zanen zumuntar matan majami'a. Suka ɗauko ta suka jingina ta da matashi a gindin dogon yaro, tsakar gida. Ishaya ya canza wa gita igiya, ya buga, ya ji sautin siriri kamar kukan sauro. Zuciyarsa ta ƙi. A festibal da ampili, na'urar ƙara sauti, Dorkas ta fara jin waƙarta, har a ƙirjinta ta ji ta, yau kuma mai yiwuwa ita ce ta ƙarshe, a ba ta rabi? Ya je majami'a ya aro ampili, ya ɗora a amalanke da batir ɗin mota.

Garba ya cika alkawari. Ya shigo shi kaɗai, ya cire takalmi, da ya ga Dorkas sai da ya dafa bango.

"Madam, ya jiki? Kin gane ni kuwa? Ni ne mai cinye miki ƙanzo."

Gefen bakinta ya motsa. Sai idonsa ya kai kan ampili.

"Shef, wannan fa? Sito na nan bayan masallaci."

"Kasuwa na ci, wa zai ji? Zan rage."

Ya rage, amma hannun da ya yi shekaru yana jiran wannan rana bai san ragi ba. Shimfiɗar Ruwan Randa doguwa ce, gita ke tafiya ita kaɗai kafin murya ta shigo. Ta tashi ta ƙetare katanga, ta bi lungu ta faɗa kasuwa. Ishaya bai san da wannan ba, Dorkas yake kallo. Idonta ya buɗe, ya cika da ruwa, ya fara nemansa.

Garba ya rufe ido ya ja numfashi. A daidai nan ƙofar langa-langa ta buɗe da ƙarfi. Haruna, sanƙiran Alhaji, ya faɗo yana kirari, bayansa yaran sito da ƴan kallo.

"Ku yi sallama mana, akwai marar lafiya," in ji Miriyamu, ta tare hanya.

"Gidan ƴan mishan ai ba kulle, ƴan mata," Haruna ya ce, ya ture ta da kafaɗa. "Taken Alhaji ya kira, Alhaji ya amsa."

Alhaji Mansur ya shigo cikin shadda mai ƙara, hannu a sama, fuska cike da fara'ar wanda aka shirya wa abin mamaki. Garba ya buɗe ido ya gan shi. Kiɗan ya iso gaɓar da murya ke shiga, ba wurin ja da baya.

"Mansur ruwan randa," ya rera, "kowa ya zo da ƙishi ya sha."

Tsakar gida ta ɗauki guɗa da shewa. Yatsun Ishaya suka sandare a kan igiya.

"Kai mai gita, ana taken Alhaji kana barci?" in ji Haruna.

Garba ya matso kamar mai rausaya, ya yi magana ta gefen baki. "Buga, Shef. Baiti na gaba nata ne, na rantse."

Ishaya ya buga. Baiti na gaba ya zo, Garba ya yabi mahaifin Alhaji. Ya ɗaga wa Ishaya gira, alamar ya jira. Na bayansa ya lissafa motocin Alhaji da ke ɗauko kaya daga Kwatano. Ishaya na bugawa yana roƙo da ido, gumi na ɗiga a kan gita, ya kasa tsayawa don tsoron kada ya yanke daidai inda sunanta zai fito. Duk inda sunan ya saba zuwa, leɓen Dorkas sai ya shirya, sai Mansur ya faɗo a wurin. Tun tana shiryawa har ta daina. Yaran sito na rawa suna tayar da ƙura a kan sabon kitsonta, wani ya taka kofin kununta. Da Garba ya kai ƙarshe ya ja muryar nan tasa sama, yadda yake yi a festibal, a kan sunan Alhaji ya sauke ta.

"Madalla," in ji Alhaji yana goge ido. "Malam Garba, yau ka taɓa ni. Ban taɓa jin ta da daɗi haka ba."

"Ranka shi daɗe, duk waƙoƙina ba wadda nake so kamarta. Ranar da na fara ganinka ta sauko mini, ko zama ban yi ba."

"Shi wannan mai gita fa? Ya iya takena ƙwarai. A ina ya koya?"

Garba bai dubi Ishaya ba. "A kasat ya koya, ranka shi daɗe."

"Ka ɗauke shi aiki mana, ga shi duk ya tsufa a banza." Alhaji ya zura hannu aljihu ya manna wa Garba kuɗi a goshi, ya manna wa Ishaya. Sai ya hango matar da ke jingine a gindin bishiya. "Wannan baiwar Allah tun ɗazu take kuka. Ita ma waƙata ta taɓa ta." Ya sunkuya ya liƙa mata takarda a goshi. "A sai mata magani."

Takardar ta zauna a kan gumi ta rufe mata ido ɗaya, ba ta da hannun cirewa ta wannan ɓarin. Haruna ya yi wa Alhaji kirarin kyauta, taro ya juya ya bi shi waje. Garba ne na ƙarshe. Ya tsaya sa takalmi, bakinsa ya buɗe kamar zai yi magana, aka kira shi daga lungu, ya amsa da ƙarfi ya fita.

Miriyamu ta cire takardar daga goshin uwarta, ta jiƙa gefen zane tana goge mata ƙura. Ishaya ya zare wayar ampili. Ya jawo kujera ƴar tsugune har gwiwarsa na taɓa tabarmarta.

"Maman Miriyamu, ki yafe mini. Taki ce. Kin san taki ce, a bakin tafki na tsara ta, kina wanki kina yi kamar ba ki gan ni ba. Bari in yi miki ita ni da kaina, ko da wannan muryar."

Ya fara shimfiɗar a hankali. Bai yi nisa ba hannunta na hagu, mai lalle, ya ɗago da ƙyar. Ishaya ya sunkuyar da kai, a zatonsa fuskarsa za ta shafa. Ta ɗora tafin a kan igiyoyin ta danne su har sautin ya mutu. Ta juya fuska wajen katanga.

"Baba, bari," in ji Miriyamu. "Kama mini mu shigar da ita, iska ta fara sanyi."