Akwatin Karatun Alhaji Harisu

Alhaji Harisu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fataucin raguna tsakanin Daura, Zango da Mai'aduwa. Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan ya ajiye sanda, ya ce abin da ya rage masa a duniya shi ne ya haddace Alƙur'ani. Kullum da sanyin safiya yakan tafi zauren Malam Hussaini, abokinsa tun suna yara, ya ba da hadda, ya karɓi sabon karatu, ya dawo gida ya yini da littafi a cinya. Ya taso daga ƙasa har ya gama Suratu Maryam, yana shirin shiga Kahfi, sai idanunsa suka fara hazo. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Kafin daminar ta zagayo ko tafin hannunsa ba ya gani.

Daga nan ya daina fita. Ya ce shi ba za a riƙa jan sa a titi kamar akuya ba. Malam Hussaini yakan leƙo ya biya masa ayoyi, amma shi ma yana da ɗalibai da gona, kuma tsohon da ke hadda sai an yi ta maimaita masa aya ɗaya kafin ta zauna.

A haka 'yarsa Firdausi ta dawo daga jami'a, ta gama karatun injiniyan kwamfuta tana jiran a tura ta bautar ƙasa. Ta tarar da mutumin da ta sani da surutu da tsokana ya koma zaman shiru a bakin gado. Ta fara gwada masa wayarta, ya shafa gilashin ya miƙo mata, ya ce babu abin da yatsansa ke ji. Ta sayo ƙaramar rediyo mai cin katin memori a kasuwa. Karatun da ke ciki na Hafsu ne, shi kuwa da Warshu ya tashi, kuma rediyon ba ta san ta tsaya a ƙarshen aya ba, sai dai ta yi ta zuba.

"Ki bar wahalar da kanki," in ji shi. "Inda Allah ya tsayar da ni nan ne rabona."

"Baba, in na haɗa maka abin da zai karanta aya ɗaya ya tsaya, ka danna ya sake ta, ka danna ya wuce gaba, da muryar Baba Malam, za ka ci gaba?"

Ya ce, "Haɗa tukuna."

Ta je ta durƙusa wa Malam Hussaini, ya amince ba musu. Makonni ta yi tana zuwa da hantsi, ta ajiye waya a kan buzunsa don ta naɗi muryarsa, ta koma bakin ƙofa ta zauna yana karanta rabin saman da ya rage, daga Fatiha zuwa Kahfi, a tsanake, yana numfasawa a kan kowace aya. In ta dawo gida sai ta zauna da kwamfuta tana sa alama a farkon kowace aya da ƙarshenta.

Akwatin kuwa da tarkacen aikinta na makaranta ta haɗa shi: ɗan allon lantarki mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, sifika da ta ciro daga wata tsohuwar rediyo, batirin waya, da manyan madannai uku waɗanda yatsa ba zai ɓata ba. Wani kafinta a unguwa ya yi mata gidan katako. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar ta yi ƙanƙanta, shirye-shiryen kwamfuta da ake samu a intanet don karanta katin memori, inda karatun zai zauna, ba su shiga cikinta. Dole ita da kanta ta rubuta yadda akwatin zai yi magana da katin.

Maganar tasu ba ta da yawa. Kowane umarni lambobi shida ne a jere. Ta farko tana faɗin abin da ake so, ko a ce wa katin ya tashi, ko ya karanto. Huɗu na tsakiya adireshi ne, wato wurin da za a karanto a cikin katin. Ta ƙarshe kamar hatimi take, ana lissafo ta daga biyar ɗin farko don katin ya tabbatar saƙon bai lalace a hanya ba. Shi kuma katin ya mayar da amsa da lamba ɗaya. Da wani tsohon ƙaramin kati da take da shi ta yi gwaji, ta zuba masa ayoyi kaɗan, akwatin ya karanta su tsaf.

Amma karatun duka ba zai shiga wannan katin ba. Ta sayo babba, ta zura, ta kunna. Shiru. Ta jona akwatin da kwamfuta don ta ga amsar da katin ke bayarwa, sai ta ga ɗaya, ɗaya, ɗaya, har allon ya cika. Ɗaya na nufin katin yana ji, amma yana kwance bai tashi aiki ba. Ta koma wurin mai katin ta ce ya canza mata. Ya canza, na biyun ma haka. Ta ari na wayar mahaifiyarta, shi ma ɗaya yake cewa.

Inna Haulatu, mahaifiyar tata, ta same ta a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, wayoyin lantarki sun baje a kan tabarma, warin dalma ya cika wurin.

"Tuwonki tun ɗazu ya huce. Ko dai abin nan ya ƙi ne?"

"Bai ƙi ba, Inna. Akwai abin da ban faɗa masa daidai ba."

Ta sauko da takardar ƙa'idojin katin daga intanet, Turanci ne cunkus, shafi bayan shafi na zane da lambobi. Ta bi ta layi-layi, inda ba ta gane ba ta sake komawa. A nan ta ga cewa sababbin manyan katuna ba sa tashi sai an fara yi musu wata tambaya game da ƙarfin wutar da ake ba su, tambayar da tsohon katin bai ma san da ita ba. Ta rubuta umarnin ta aika. Amsa ta canza, ta zama tara.

Ta ji daɗin wannan taran fiye da yadda za ta iya bayyana wa kowa a gidan, don ko ba komai katin ya faɗi sabon abu. Ta warware lambar zuwa sifili da ɗaya guda takwas, yadda na'ura ke ganinta, ta duba ma'anar kowane gurbi. Na ƙarshe yana cewa har yanzu yana kwance. Na huɗu daga dama yana cewa hatimin bai yi daidai ba. Gaskiyar katin ne, don ita lamba ɗaya ta riƙa liƙa wa kowane umarni a matsayin hatimi, tsohon katin kuma bai taɓa damuwa ba. Ta zauna ta rubuta lissafin hatimin yadda ƙa'ida ta ce, ta gwada shi da hannu a kan misalan da ke cikin takardar har suka dace. Da ta sake aikawa, katin ya amsa tambayar, ya yi ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya ce sifili. Ya tashi.

Murna ta sa ta yi gaggawa. Ta zuba karatun duka, ta ji Fatiha da farkon Baƙara sun fito garau, ta rufe akwatin da kusoshi. Washegari da la'asar ta aika aka kira Malam Hussaini, Inna Haulatu ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, aka fito da Alhaji ya zauna. Firdausi ta saita akwatin a farkon Kahfi, ta ɗora masa a cinya, ta kai yatsansa kan madanni na tsakiya.

Ya danna. Muryar Malam Hussaini ta fito, amma ba Kahfi ba ce. Daga tsakiyar kalma ta faro, a cikin wata aya ta Baƙara, ta yi gaba kaɗan, ta katse kafin ayar ta ƙare.

Alhaji ya lalubi akwatin ya ajiye shi a gefe, a hankali, nesa da jikinsa.

"Wannan ba abin da ake gwaji da shi ba ne, Firdausi. Abin da zai yanka aya biyu ya haɗa mini kai da ƙafa, gara na zauna da abin da na riƙe."

"Kuskurena ne, Baba. Zan gyara."

"Na ce ki bar shi."

Malam Hussaini ya bi ta har zaure sa'ad da zai tafi. Ya ce, "Mahaifinki tsoro yake ji. Wanda ba ya gani, abin da kunnensa ya ba shi shi zai haddace, ba shi da inda zai duba. In kin gyara, kada ki kai masa. Ki fara kawo mini."

Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baya don kada sautin ya riƙa isa kunnen mahaifinta. Ta bincika alamomin ayoyin, daidai suke. Ta sa katin a kwamfuta, karatun yana nan lafiya, Kahfi tana inda ta ajiye ta. Ta canza wayoyi, ta sake liƙa dalma, ta canza batir. Duk surar da ta nema mai nisa, sai akwatin ya faɗa wani wuri a farkon Baƙara. Kwanaki suka wuce a haka. Har takardar bautar ƙasarta ta fito, an tura ta jihar Neja, lokacin tafiya yana matsowa.

Wata safiya ana yayyafi ta daina taɓa komai. Ta ce bari ta saurari abin tun daga farko, ta ji inda yake fara ɓata. Ta sa shi ya yi ta karatu ba tsayawa, ta buɗe Alƙur'ani tana bi da yatsa. Fatiha ta wuce, Baƙara ta yi nisa, komai daidai. Ƙafarta ta yi sanyi, ba ta motsa ba. Bayan fiye da rabin awa, a tsakiyar aya, muryar ta yanke ta koma Bisimillar Fatiha. Ta sake kunnawa ta sake zama, ya sake komawa a daidai wannan kalmar.

To, ashe ba ɓata yake yi ba, ƙidaya ce ke ƙare masa, kamar mitar babur da ta cika ta koma sifili. Ta sa akwatin ya riƙa nuna mata lambobi shidan da yake aika wa katin, ta nemi Kahfi. Ga su nan a allo: a cikin huɗun adireshi, biyun farko sifili ne. Ta nemi Isra'i, sifili ne. Ta koma cikin abin da ta rubuta, ta samu wurin. Ma'ajin da ta ware wa adireshi mai cin lambobi biyu ne kawai, don haka duk adireshin da ya girma sai kansa ya guntule, katin kuma ya karanto daidai inda aka ce masa. A gwajin farko ayoyin ba su da yawa, shi ya sa abin bai taɓa nunawa ba. Gyaran bai fi kalma ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon layin kafin ta canza shi.

Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba. Ta ƙara wa akwatin wata doka: kowane guntun karatu da katin ya aiko yana zuwa da nasa hatimin, ta sa a riƙa duba shi, in bai dace ba akwatin ya yi shiru maimakon ya karanta. Sannan ta kai wa Malam Hussaini. Suka yi ta zama da hantsi, shi yana kiran sura da aya daga ko'ina, ita tana nemowa, yana saurare ido rufe. Bayan haka ya ce sai sun bi shi duka daga farko zuwa ƙarshe. Ya kama wurare biyu inda alamarta ta ci ƙarshen madda, ta gyara a gabansa.

Shi da kansa ya ɗauko akwatin ya kawo gidan, ana saura kwana kaɗan ta tafi. Ya zauna kusa da abokinsa ya ce, "Harisu, na saurari abin nan tun daga Fatiha har ƙarshen Kahfi. Karatuna ne, babu ragi babu ƙari. In ka samu kuskure a ciki, ni za ka tuhuma."

Alhaji bai janye hannunsa ba da aka ɗora masa akwatin. Ya shafa katakon, ya lalubi madannan ɗaya bayan ɗaya. Ya danna. Ayar farko ta Kahfi ta fito, ta kai ƙarshe, ta tsaya. Ya jira ya ji ko za ta zarce, ba ta zarce ba. Ya sake dannawa, ta sake fitowa. A karo na gaba leɓɓansa suka fara bin ta.

Firdausi tana tsaye a bakin ƙofar kicin, Inna Haulatu ta riƙe mata hannu gam.

Ranar da za ta tafi, mai mota yana jira a waje, ta shiga yi masa sallama ta tarar ya sa babbar riga da hula, akwatin yana rataye a kafaɗarsa da igiyar da Inna ta ɗinka masa.

"Ina za ka, Baba?"

"Wajen Hussaini. Ina da aya goma da zan ba shi." Ya miƙo hannu. "In motarku ta nan za ta bi, ku sauke ni a bakin zauren."

Ta kama hannun, suka fita tare.