Gurbin Sunan Uba

…kuma ba sanyin ruwan ba ne, a'a, ba shi ya sa har yanzu Tamar ta kasa shiga cikin mutane ba. Awa uku ke nan da fitowarta. Kitsonta ma ya kusa bushewa. Tana zaune a barandar bayan gidan Jacinta, nan Nassarawa, Malam Ɗahiru mai kula da furanni yana can yana jan tiyo tsakanin shukoki, kamar ba abin da ya faru. Ba abin da ya faru? Mace mai shekara arba'in da bakwai, an nutsar da ita a ruwan baftisma, an ɗago ta, an ce yau aka haife ta…

Yau. To waccan haihuwar fa? Ta farkon, a ɗakin Kaka, can ƙauye bayan Zariya, wadda ba a yi wa guɗa ba, ko zakara ba a yanka ba — ita ina za a kai ta?

Sunan uba. Kowace takarda sai ta tambaya. Firamare, sakandare, kwalejin malamai: gurbi ɗaya, fari fat, yana kallonta. Sai ta cusa sunan kakanta, kamar mai toshe ɓula da tsumma. Alhali kowa ya sani. Wa bai san Mika ba, dattijon ikilisiya, mai karanta sanarwa ran Lahadi, mai wushirya? Wushiryar da ke bakinta ita ma. Tana 'yar shekara tara, a ƙofar coci, ya zo wucewa yana shafa kan yara ɗaya bayan ɗaya… ya iso kanta, hannun ya tsallake. Hannu yana tsallake mutum? Ashe yana yi.

Shekara talatin ba ta taka coci ba. In Allah uba ne, to ta ga uba, ya ishe ta.

Ƙamshin albasa daga kicin. Mairo mai girki na yin dafa-dukar shinkafa, wai saboda ita. Matan zumuntar coci sun cika falo, dariyarsu har waje. Saboda ita?

Bara ne. Ranar komawa makaranta, wata mata ta kawo 'yarta aji huɗu, ta tsaya, ta ƙura mata ido.

"Malama, don Allah… ke 'yar wa ce?"

"Ba 'yar kowa ba."

Sai matar ta fashe da kuka gaban yara. Jacinta ke nan, 'yar Mika ta cikin aure, mai suna a takardar jana'izarsa. Tamar ta ga takardar, wani ya turo mata a waya. 'Ya'ya shida. Sau uku ta ƙirga — shida, ba sunanta.

Ta so ta tsane ta, da gaske ta so. Amma yaya za ka tsani wadda ke zuwa kowace Asabar, ba wa'azi, ba dogon bayani, ta zauna a tabarmarka tana taya ka gyaran wake? Ranar da ta bi ta coci ma, don a ƙyale ta ne. Bencin ƙarshe, jaka a cinya, ƙafa ɗaya a hanya. Sai Fasto Calvin ya ce jariri ba ya roƙo a haife shi, ba ya kawo shaida, ba ya cike takarda… haihuwarsa kawai ake yi, a ɗauke shi, a ce namu ne. Magana ce ƙarama. Me ya sa ta kasa tashi? Me ya tsage a ƙirjinta, har aka watse tana zaune?

Da safen nan — ruwa har ƙugu, farar riga tana kumbura a jikinta. Tafin Fasto a ƙeyarta. "Da sunan Uba—" sauran bai iso ta ba, ruwa ya rufe.

Shiru. Irin shirun da ba ta taɓa ji ba. Daƙiƙa ɗaya? Biyu? Ba murya, ba haske, ba ta ga komai ba, ba za ta yi ƙarya ba. Sai dai… an san ta. Kamar ka sauka a tashar garin da ba ka da kowa, ka tarar da wani tsaye tun safe, kai yake jira. Wanda ya shimfiɗa sammai, Shi ɗin, yana ɗakin Kaka ranar nan? Yana ƙofar cocin? Ya ga kan da aka tsallake, ya yi shekara da shekaru bai ɗauke ido ba? Ita wace ce? Malamar aji huɗu, mai ɗaki ɗaya a unguwar Gama…

Ta fito tana shaƙar iska kamar ba ta taɓa shaƙa ba. Jacinta ta lulluɓe ta da zane. Tsofaffin da ba ta san sunansu ba suna "'yarmu, 'yarmu", wata ta rangaɗa guɗa—

"Yaya Tamar, taso mana, ke ake jira."

Jacinta ce a bakin ƙofa. Tamar ta miƙe. Taku biyar. Ƙofar falo. Ta sunkuya za ta cire takalmi, ta ɗago — ga shi a bango. Hoton Mika, babba, babbar riga, murmushin nan.

Jacinta ta taɓa faɗa mata: kwana uku kafin ya cika, kuka yake, yana roƙon gafarar Ubangiji, yana kiran wani suna da ba wanda ya sani a gidan. A lokacin ta toshe kunnenta. Amma yanzu… in an ji roƙonsa fa? In shi ma an ɗauke shi, an ce namu ne? To can ba uba ba ne. Ɗa ne. Kamar ita. Gida ɗaya, Uba ɗaya, kuma ba ita ke zaɓen wanda za a haifa a ciki ba…

Takalmi ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa. Duk sun juyo suna kallonta.

Ya Ubangiji… gidan nan naka, har ina faɗinsa ya kai?