Tsirkiyar da Ta Ƙi Tsinkewa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun farkonsa rigima nake da wata akuya.

Ita ce shugabar ofishin kiɗan mutanen da. Tana bayan tebur da tabarau, tana tauna gefen takardar izinina. Ni kuma makaɗi ne, ina rungume da babban gogen nan na Turawa da ya fi mutum tsawo, mai tsirkiya huɗu, wanda ake kafa shi a ƙasa a goga a tsaye. Shekara goma sha ɗaya ina koyon kiɗa guda, wanda aka tsara shekara ɗari uku da suka wuce. Yau za a bar ni in kaɗa shi gaban jama'a, sau ɗaya tak.

Duk abin da suka ce na yi. Na cire tsirkiyar ƙarfe na ɗaura ta hanjin tumaki, irin ta zamanin can. Akuyar ta ce wannan bai dame ta ba, tumaki ba danginta ba ne. Maganar ita ce, ranar da aka fara kaɗa kiɗan, tsirkiya ta tsinke a tsakiyar wasan, makaɗin ya tafi gida. To aikina in yi yadda aka yi.

"Hajiya, rabi na biyun fa? Shi ne mai daɗin."

"Ba wanda ya taɓa jin sa, samari. Ka ga ke nan ba tarihi ba ne."

Sai ga ni a ƙofar zauren wasa da rana tsaka. Ruwan sama na tsatsowa daga ƙasa yana hawa sama, yana shiga ta ƙafar wando. Wani tsoho mai sayar da goro, Baba Ilu, ya ja ni gefe. Ya ce shi ne makaɗin wancan lokacin, kuma tsirkiyar ba tsinkewa ta yi ba, shi ya yanke ta da aska don bai iya sauran ba. Na kai wa akuyar zancen. Ta ce ba a karɓar shaidar mutum sai ta takarda, takardar kuwa ta cinye ta bara.

Na hau dandali na fara. Da na iso wurin da kiɗan ya tsaya a zamanin can, jama'a suka miƙe suna neman takalmansu, haka kakanninsu suka yi. Tsirkiya ta ƙi tsinkewa. Na ci gaba abina.

Akuyar ta hauro, ba sauri, ta ce in yi haƙuri aikin ofis ne, ta kama tsirkiyar da haƙori ta tsinka. Saura uku. Ban tsaya ba. Saura biyu. Rabi na biyun yana fitowa, murya can ƙasa, har a ƙirji ake jin ta. Mutane suka tsaya a ƙofa, kowa da takalmi ƙafa ɗaya. Baba Ilu ya ajiye farantin goro. Tsirkiya ɗaya ta rage, kiɗan kuma saura numfashi biyu.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na farka, na daɗe kwance ina neman ƙarshen kiɗan a maƙogwaro, babu. Na fito tsakar gida, Iya na wanke-wanke, na tsaya a kanta.

"Iya, markaɗen nan ba zai iya jiran minti ɗaya ba?"