Hodar da Aka Zuba wa Awabu

Sau uku Awabu ta bi layin da yatsa, sau ukun nan takardar da aka manna a bango ta faɗa mata magana ɗaya: Turanci shida, kimiyya biyar, lissafi tara. Tara dai, makin faɗuwa, irin ta bara. Jarrabawar cike giɓi ta ƙarshen shekara, wadda 'yan makaranta ke kira Nobdek, ta sake kayar da ita a wuri ɗaya.

Jama'a na turereniya a bayanta. Wani na kuka, wani na ihu yana tsalle. Da ta san abin da zai biyo baya, da juyawa ta yi. Amma ta buɗe tafin hannunta, inda Ayisha ta rubuta mata tata lambar da biro tun da safe, ta sake bin layi.

Biyu. Uku. Lissafi ɗaya.

Sai da ta ji kamar an zuba mata barkono a ƙirji. Ayisha fa! 'Yar ƙanin babanta da aka kawo daga Salaga don ta taya Mma Abiba, mahaifiyar Awabu, sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Yarinyar da ke karatu a kan benci tsakanin mai saye da mai saye, da tsofaffin littattafan da Awabu ta yar. Ita Awabu ce aka biya wa darasin yamma a Accra New Town, ita aka ɗauke wa wanke-wanke don kada hannunta ya gaji. Ga shi 'yar tukunya ta yi mata fintinkau.

Kuma fom ɗaya ne. Kawu Awudu, ƙanin Mma, masinja a wani asibiti, da ƙyar ya samo fom guda na makarantar koyon aikin jinya, gobe Juma'a ake rufe karɓa. Baba Iddi, mahaifin Awabu, ya yanke hukunci tun tuni: wadda ta ci, nata ne. In duka biyu sun ci, na Awabu ne, ita ce babba. In Ayisha ta faɗi kuwa, ubanta ya aiko cewa ta koma Salaga ta riƙe masa shago.

A tashar mota hawaye suka ci ƙarfinta. Ta sayi hankici wajen wata mai talla, ko kallon launinsa ba ta yi ba, ta faɗa trotro, motar haya. Kafin a kai Nima ta share fuska tas, don ba ta yarda unguwa ta ga kukanta.

Tana shiga lungunsu ƙudajen kwata suka taso mata. Ta ɗaga hankicin ta kaɗa, ta sake kaɗawa sama da kanta.

"Ayekoo! Ayekoo!"

Anti Dede ce, 'yar ƙabilar Ga mai suyar kifi a bakin lungu, ke yi mata barka da yarensu. A Accra kowa ya sani, wanda ya fito daga kotu ko asibiti ko wurin jarrabawa yana kaɗa farin ƙyalle, nasara ya yi. Sai a lokacin Awabu ta duba hannunta. Hankicin fari ne fat.

"Anti, tsaya..."

Ina! Anti Dede ta riga ta yar da matsamin kifi ta yi cikin gida a guje. "Abiba! Fito, 'yarki ta ci! Likita ta dawo!"

Guɗa ta tashi. Matan gidan haya suka fito daga ɗakuna goma sha biyu, wata da kumfar sabulu a hannu, wata da goyo a karkace. Mma Abiba ta fito da gwangwanin hoda, ta zazzage shi a kan Awabu kamar yadda ake yi wa duk mai nasara, har ɗankwalinta da girarta suka yi fari.

"Na faɗa muku!" Mma na juyi a tsakar gida. "Masu cewa kan 'yata ba ya ja, yau ina bakinku?"

Awabu ta buɗe baki, hoda ta shige mata maƙogwaro, ta hau tari. Da tarin ya lafa, sai ta ga Ayisha tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana jira.

"Yaya, ni fa?"

Awabu ta dubi fuskar nan mai sanyi wadda kowa ke yabo, ta tuna ɗayan nan na lissafi. Kai kawai ta sunkuyar, ta girgiza shi a hankali.

"Ayya," in ji matan.

Ayisha ta matso. Ta aje ludayin, ta karɓi gwangwanin daga hannun Mma, ta kakkaɓe sauran hodar a kafaɗar Awabu. "Allah ya sanya alheri, Yaya. Dama ke kika fi wahala a kai."

Da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Ko a faɗuwa sai ta fi ni kyan hali, in ji Awabu a ranta, haushi ya ƙara turnuƙe ta.

Bayan la'asar Kawu Awudu ya iso a kan kekensa, fom ɗin na cikin ambulan a aljihun gaba. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Baba Iddi. Mma ta riga ta aika a sayo goron sadaka.

"Ke kuma Ayisha," in ji Baba, "ba ƙarshen duniya ba ne. Da son raina ne, da na sa ki ɗinki a Maamobi, ko koyon buga tafireta, ki sake gwadawa baɗi. Amma kin ji saƙon ubanki. Motar Salaga ranar Litinin take tashi."

"To, Baba."

Awabu ta san ƙaryar ba ta da tsawon rai. Ranar ganawa za a nemi takardar sakamako, asiri ya tonu. Amma kafin nan an rufe karɓar fom, Ayisha kuma tana can Salaga tana auna gishiri. In ni ban sa farin kayan jinya ba, ita ma ba za ta sa ba. Tunanin ya yi mata daɗi kamar susar ƙaiƙayi.

Kawu ya ɗora fom ɗin a kan faranti, ya gwada biro a bayan hannunsa. "Ni zan cika. Wannan takarda ba ta son gogewa, kuskure ɗaya ta mutu. Ni kuma ba zan sake yi wa wancan mai tumbin da ya ba ni ita durƙuso ba."

Ya rubuta sunan gida da manyan baƙaƙe, yana ciza harshe. Ayisha ta matso ta riƙe masa gefen takardar don kada iska ta ɗaga.

"Madalla. Sunan yanka. Likita, yaya kike rubuta naki a makaranta?"

Bakin biron ya sauka. Awabu ta dubi yatsun Ayisha a kan takardar, duk tabon ƙunar tukunya.

"Kawu, ɗaga hannunka."

"Me ya faru?"

"Ba ni ba ce." Awabu ta nuna Ayisha. "Tara na ci a lissafi. Ita ce ta ci. Ɗaya ta samu."

Mma ta miƙe tsaye. "Wace irin magana ce wannan? Hankicin fa?"

"Ƙuda nake kora, Mma."

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Mma ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Baba Iddi ya dubi 'yarsa.

"Tun azahar kin sani, kika bari ina maganar mota?"

"Na sani, Baba."

"Za mu yi wannan maganar, ni da ke." Ya juya. "Awudu, rubuta Ayisha."

Ayisha na kuka har ta kasa faɗin ranar haihuwarta. Da aka gama ta sa hannu, ta biyo Awabu bakin famfo ta kama zanenta.

"Yaya, na gode."

"Sake ni. Kada ki gode mini, don har yanzu ji nake kamar in shaƙe ki."

"Sai ki shaƙe ni bayan na koya miki lissafin. Saura wata takwas a sake zama."

"Ke? Ki koya mini?"

"Wa kike da shi da ya ci ɗaya?"

Awabu ta harare ta sama da ƙasa. Abin haushin, ba ta da kowa.

"Ba a gaban mutane ba," ta ce. "Kuma in kin sa farin kayan, kada ki biyo ta gabana da su."