Sati Bakwai Ban Ci Faten Ladi Ba

...to, da a banɗaki na faɗi fa? Ƙofa a kulle, ni kaɗai, sai an tashi aiki sannan a farga babu Rahmatu. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi da a matakalar bene ne, kuma ke ce a bayana, Ladi. Duk mutanen da ke hawa da sauka a ma'aikatar nan, ke Allah ya ajiye a bayana — ke da na yi sati bakwai ina shirga wa ƙarya.

Ruwan nan da aka ɗaura min sai ɗiga yake... ɗis, ɗis. Nas ta ce in ya ƙare in ci abinci, sannan su ga ko za su sallame ni kafin magariba. Ta ce kin fita. Ina kika je? Jakarki na nan kan kujera, don haka za ki dawo. Kuma in kin dawo yau sai na faɗa miki gaskiya. Yau ɗin nan. Ran Litinin za ki koma ofishin da ke tsallaken kogi, na ga takardar canjin wurin aikin a kan teburinki, an riga an sa hannu. Shekara goma sha ɗaya tebur na kallon tebur, ki tafi haka nan ba mu wanke abin da ke tsakaninmu ba? Wallahi ba zan iya ba.

Na gode. Bari in fara da wannan, don in kin shigo na san bakina zai yi nauyi. Na gode da ihun da kika yi. "Yesu!" kika fara cewa, na ji shi daga nesa kamar ina cikin rijiya, sannan "Rahama! Rahama!" — ke kaɗai ke kirana haka. Aishatu ta ɗakin ajiyar fayil ta gaya wa nas, nas ta gaya min: wai kafin maza su iso su ɗauke ni, sai da kika cire ɗankwalinki kika rufe min kai, don mayafina ya zame. Ke kika tsaya kai a buɗe a gaban kowa. Wa zai tuna da wannan a irin wannan lokaci? Ni kaina da ba zan tuna ba.

Gwiwa ce ta jawo, kin ji. Ba kwalliya ba, ko da yake... to, har da ita, kada in ƙara wata ƙaryar ina kwance a gadon asibiti. Amma gwiwa ce farko. Shekarata arba'in da shida kacal, amma ina sallah a kan kujerar roba kamar kakata. In kai goshi ƙasa ya gagare ni. Likita ya dube ni, ya dubi ma'auni, ya ce Hajiya sai an rage. Aziza ce, 'yata, ta sa min abin nan a waya mai ƙirga awoyi: awa goma sha takwas babu abinci, sai ruwa da shayi ba sukari, in biyu ta yi a ci, takwas na dare a rufe baki. Ta ce Mama duk duniya shi ake yi yanzu. Kuma ya yi aiki fa! Wannan ba zan ci amanarsa ba. Sati na huɗu na ture kujerar na yi sujada, goshina a kan darduma, na daɗe ban ɗago ba, ina kuka ina hamdala. Baban Aziza har ya leƙo ya ga ko lafiya.

Matsalar ƙarfe sha ɗaya ce. Ke ce matsalar, in za a faɗi gaskiya, ke da kular nan taki. Sha ɗaya na bugawa ki jawo ta daga ƙarƙashin tebur, ki murɗe murfi, ƙamshin faten acca ya cika ofis — yakuwa, gauta, daddawa, gyaɗa. Kai! Cikina ya yi ta kuka kamar ana jan kujera a kan siminti. Ga waya tana ce min saura awa uku. Awa uku, Ladi, ga fate yana tururi a gabana!

Sai ga Ummukulthum, 'yar ƙanwar maigidan, da kwalba a jaka. "Anti, ganye ne zalla, ƙwaya ɗaya da safe, yunwa ko sallama ba za ta yi miki ba." Ban tambayi likita ba. Ban tambayi kowa ba. Rubutun jikin kwalbar ƙanana ne, ban ma nemi tabarau ba. Kuma yarinyar ba ta yi ƙarya ba, yunwa ta ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Har na yi ta sa mata albarka. Baki ya bushe, zuciya tana dukan uku-uku, barci rabi da rabi, in yi ta faɗa da mai keke a kan abin da bai kai ya kawo ba... na ce duk cikin aikin magani ne.

Me ya hana ni faɗa miki? Me? Kunya, sai kuma tsoron bakin nan naki. Sau biyu ina fara rage ƙiba a baya, sau biyu kina kama ni da hannu dumu-dumu a cikin alalenki kafin sati ya zagayo, ki yi ta dariya har da dukan tebur: "Rahama, ki bar jikin nan yadda Allah ya yi shi, mace ba tsintsiya ba ce." Na ce wannan karon sai dai ki gani a jikina. Shi ya sa ranar farko da kika turo kular na ce, "Ina azumi." Litinin ce, ta shige sumul. Kika rufe kular nan take, kika ce Allah ya ba da lada, kika ɗauka kika fita da ita kamar yadda kike yi da watan Ramadan, don kada ki ci a gabana.

Talata na ce ramuwa nake. Laraba ramuwa. Alhamis ai Alhamis ce. Wa nake yi wa wayo? Ke da kin fi wasu musulmin sanin kwanakin azuminmu, ke kike tuna min Sitta Shawwal. Ramuwar wata nawa ce ba ta ƙarewa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa sai ƙara haƙa nake.

Hannuna ya yi sanyi. Inda allurar take yana min zugi. Wata mata a gadon can tana ta kiran nas... ba ta ji ba.

Ranar shayin nan. Innalillahi. Tsakar rana, na laɓe bayan kabad ɗin fayil da kofina, na kai baki ke nan kika shigo neman wata takarda. Ido cikin ido. Mai azumi da kofi a baki! Na jira dariyar. Wallahi na jira, da kin yi ta da na fashe na faɗa miki komai a wurin. Ba ki yi ba. Kika ɗauki takardarki, kika ce "yi haƙuri," kika ja ƙofa a hankali. Ni kuma shashasha sai na ji daɗi, na ce ta rufa min asiri.

Daga nan babbar kular ta daina zuwa, sai ƙaramar. Daga nan kika koma cin abinci a ɗakin su Aishatu. Gaisuwa na nan, "ina kwana, ya su Aziza," ni ma "ya Precious, ya makaranta," shi ke nan kowa ta duƙa kan aikinta. Na lura. Ba zan ce ban lura ba. Amma ƙwayar nan ba yunwa kaɗai ta kashe min ba, komai ya zama kamar ina kallonsa ta bayan gilashi. Na ce in na kai inda nake so sai in zo in ba ki mamaki, mu yi dariya. Da na ga takardar canjin wurin da kika nema na ce ai nisa ne, daga gidanta na Sabon Tasha kullum a ƙetare gada, ga cunkoso, ta gaji. Haka na gaya wa kaina.

Rabona da abinci tun yammacin Litinin, ɗan wake cokali huɗu. Jiya biyu ta yi, waya ta yi ƙara, na ce bari in gama wannan fayil. Takwas ta yi ban ji komai ba, na ce to riba ce. Yau Laraba na ƙara haɗiyar ƙwaya a kan wofin ciki, ga maganin hawan jini a kai. Likitan nan yaro ne, sa'an ƙanena, amma ya wanke ni tas. Ya ce sukarin jinina ya faɗi warwas, ya ce yunwa ai ƙararrawa ce, wanda ya cire ƙararrawa bai kashe gobara ba. Ya karɓe kwalbar. Ya ce tsarin cin abincin ma sai mun zauna an gyara shi, ba a yi da ka. Garin neman gira na kusa rasa ido. Allah ya saka masa da alheri, ko faɗan nasa daɗi ya yi min.

Amma sai da kika fita kiran Baban Aziza a waya sannan na raɗa wa likitan zancen ƙwayar. Kina nan ban iya ba. Da ya tambaya me na ci yau, ke kika amsa, idona a rufe ina ji: "Ta ce azumi take yi." Ta ce. Ba "tana azumi" ba... ta ce. Ko a nan ba ki tona ni ba, kuma ba ki yi min ƙarya ba.

Kirsimetin bara — a'a, na bara waccan, da aka yi ruwan kaji a gidanku. Kika sa mijinki ya ɗauki kaji huɗu a buhu ya kai wa mahauci musulmi ya yanka, don kawai in ci hankalina kwance. Kullum haka kike yi. Ban taɓa roƙonki ba. Tukunyar da kike dafa mana na ofis ma daban kika ware ta, na sani, 'yarki Precious ce ta faɗa min. Da lokacin da gari ya rikice aka hana fita, kika kwana uku a gidana a Unguwar Rimi, kina ɗaura zanena, muna tuƙa tuwo tare muna sauraron rediyo, kowa na tsoron abin da za a ce... Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta ce wannan ba ƙawa ba ce, 'yar'uwa ce aka haifa a wani ɗaki. Na gode, Ladi. Sau nawa zan faɗa? Ban taɓa faɗa da baki ba, sai dai in ce fatenki ya yi gishiri.

Tsaya... mene ne wannan? Cikina ne. Wallahi cikina ne ya yi ƙara! Yunwa! Allah Sarki, sannu da zuwa, ashe kina nan. Ban taɓa sanin zan yi murna da ke ba. Sati shida ban ji ki ba. Alhamdu lillahi, har yawu ya taru a bakina. In kin shigo abin da zan fara cewa ke nan: Ladi, yunwa nake ji, ina kular?

Ga nas. Leda a hannunta, ta ajiye min a gefen gado. Robar abinci ce ta saye, shinkafa da miya, murfin an naɗe shi da salatif ba a taɓa ba, cokalin ma a cikin ledarsa.

"Ƙawarki ta kawo, tana wajen karɓar magani. Ta ce in gaya miki a gidan abincin wata Hajiya ta saya, nan bakin titi. Wai ba ita ta dafa ba, ko buɗewa ba ta yi ba, ki ci kada ki ji komai."

Ba ita ta dafa ba.

Kada in ji... me zan ji?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ladi. Abin da kika ɗauka ke nan? Tun ranar shayin? Cewa hannunki nake gudu? Cewa wani ya zauna ya yi min huɗuba a kan abincin kirista, ni kuma na ji, na rasa yadda zan faɗa miki sai na fake da azumi? Ba nisan gada ba ne. Ashe ba gada ba ce... Kullum ki zauna kina kallona ta tsallaken tebur, kina tunanin ƙyamarki nake, ki ce min ina kwana, ki tambayi su Aziza. Da wannan a ranki kika tare ni a matakala. Da shi kika cire ɗankwalinki.

Ni ina can ina auna ƙugu da igiyar tela.

Ta ina zan fara? In ce ƙwaya ce? In ce kunya na ji kada ki yi min dariya? Wa zai yarda an ƙona shekara goma sha ɗaya a kan wannan ɗan abin? Ko kin yarda ma, kwanakin nan da kika haɗiye ke kaɗai, wa zai amayar miki da su? Kuma takarda an riga an sa hannu...

Shinkafar tana ƙamshi. Yunwa kamar ta kashe ni, hannuna ya ƙi zuwa wurin murfin.

Takalminki ne wannan, na san takunsa, ƙafar hagu tana ɗan ja. Kin tsaya a bakin ƙofa. Ba ki shigo ba. Jira kike in gama ci tukuna, kada ki tsaya min a kai.

Shigo mana, Ladi. Don Allah shigo... muryar ce ta ƙi fita.