Gwajin Bindigar Dakta Nabawiyya

A wani ɗakin bincike a Iskandariyya, Dakta Nabawiyya ta daɗe tana zana wata bindiga da ba ta cin harsashi. Ɗan ƙarfe ne cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska. In hita ta gasa shi sai ya feso ƙwayoyin lantarki, maganaɗisu ya tanƙwara su, su bi ta wata siririyar kafa. Daga ƙasar waje ake kawo ƙarfen, kuma na cikin kwalbar nan shi ne na ƙarshe.

Ranar gwaji abokin aikinta Injiniya Girgis ne ke kan makunnai. Tun farko bai yarda da yadda ta karkata ƙarfen ba.

"Ƙara wuta, Injiniya," ta ce.

"Na ƙara. In ya narke, ke za ki shiga ofishin darakta, ni shayi zan tafi sha."

Allurar mita ta motsa, ta tsaya. Nabawiyya ta leƙa ta gilashi. Ƙarfen da ya kamata ya tsaya jajir ya soma yin fari. Wasu ƙwayoyin ba sa wucewa, juyowa suke suna dukan inda suka fito.

"Dakta, zan kashe!"

"Kar ka kashe! Rage hita kawai."

"Ya riƙa gasa kansa da kansa? Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Dukan da yake sha ya ishe shi zafi. Rage, don Allah!"

Hannun Girgis na kan babban makunni. Ita kanta ba ta da tabbas. A takarda kawai ta taɓa ganin haka. In ta yi kuskure, sai an shekara kafin a samu wani ƙarfen.

Ya yi tsaki, ya murɗa hitar ƙasa.

Farin ya ƙi sauka. Ta damƙe bakin tebur har yatsunta suka sage. Can sai ya fara komawa ja, allura ta hau a hankali, ta zauna inda lissafi ya ce.

Da suka kashe komai ta nemi kujera ta zauna.

"Ƙwayoyin sun wuce kafar," in ji ta. "Amma karkatar ta yi yawa. Da gaskiyarka."

"Kaɗan ta yi yawa," Girgis ya ce, yana goge fuska. "Miƙo fensirin nan mu gani."